Jelar Bel ɗin Ciyaman

In ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwar shugabanci, a fara da Ciyaman, in wuri ya rage sai a sa sauran. Tun bai shugabanci komai ba ake ce masa Ciyaman, domin shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma duk wanda ya kira shi da wani suna sai ya gaji da kira. A takarda dai mataimaki ne a sashen ajiye fayil na wani kamfani da ke hawa na huɗu. Teburinsa na can lungu, tsakanin kantocin fayil da ƙofar banɗaki. Amma in ka ga tafiyarsa, tumbi na gaba yana share masa hanya, makullai na kaɗawa a ƙugu, sai ka rantse ginin nasa ne, haya ya ba kamfanin.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, wato ƙofa. Yana son ofis nasa na kansa, mai ƙofar da za a ƙwanƙwasa, ya ɗan ja aji, sannan ya ce, "Shigo." Ya daɗe yana gwada wannan "Shigo" ɗin a gida, har matarsa ta daina leƙowa.

Ana nan sai likita ya tsorata Direban kamfanin. Ya ce masa jininsa ya hau, in bai rage ƙiba ba, wani ne zai yi masa rainon 'ya'ya. Direba ya dawo ya gaya wa Akanta, wanda shi ma in ya sunkuya ɗaure igiyar takalmi sai ya ɗago yana haki. Mai sito ya ji, ya ce da shi za a yi. Abin da suka shirya ba wani abin a zo a gani ba ne. Su riƙa cin abincin rana tare don kowa ya ji kunyar ɗan'uwansa, a rage shinkafa, a ƙara ganye, a bar lemon kwalba a sha ruwa, a bar lif a bi matakala. Shi ke nan. Ba taro, ba suna, ba kujerar shugaba.

Wannan na ƙarshen shi ya hana Ciyaman sukuni. Mutane har uku suna abu tare, ba mai yi musu jawabi! Ya same su a ɗakin shan shayi, ya yi gyaran murya.

"'Yan'uwa, na ga abin da kuke yi, kuma na yaba. Amma tumbi ba abin wasa ba ne. Tumbi kimiyya ne. Ni nan da kuke gani na kalli manyan likitocin duniya a waya har batir ya mutu. Ba zan zuba ido ku hallaka kanku babu tsari ba. Saboda haka na amince zan jagorance ku."

Ba wanda ya roƙe shi, ba kuma wanda ya samu damar hana shi, don bakin kowa cike yake da kabeji.

Kafin sati ya zagayo, tafiyar ta samu suna: Ƙungiyar Yaƙi da Tumbi ta Ƙasa da Ƙasa, Reshen Hawa na Huɗu. Mazan ofis suka yi ta shiga. Matan kuwa suka ce sun gode, sun daɗe suna yin nasu ba tare da an tara su ba. Labari ya kai kunnen Manaja, mutumin da ya gaji da sa hannu a takardar hutun rashin lafiya. Ya ce in abin ya yi kyau, zai ba jagoran tafiyar ɗakin nan na kusa da matakala da ba kowa a ciki, ya zama ofishin kula da lafiyar ma'aikata. Ɗaki mai ƙofa! Washegari Ciyaman ya ba da aikin allon suna mai ruwan zinariya, da aka gama ya naɗe shi a tawul ya ɓoye a aljihun tebur.

Dokarsa ta farko ita ce tantancewa.

"Daga yau, kowace kular abinci sai ta biyo ta teburina kafin a buɗe ta. Abin da ya dace, a mayar wa mai shi. Abin da bai dace ba, a ƙwace a lalata shi. Ba sani ba sabo."

Haka kuwa aka yi. Da lokacin cin abinci ya yi, sai ka ga kuloli sun yi layi a lungun fayil, masu su na tsaye a bayansu kamar marasa gaskiya. Ciyaman zai naɗe hannun riga, ya zaro wani babban cokali da ya zo da shi daga gida. Cinyar kazar Akanta, laifi. Soyayyen dankalin Mai sito, babban laifi. Rabin shinkafar kowa, laifi. Yankan kek ɗin da 'yar Direba ta saka wa babanta don ranar haihuwarsa, wannan kam cin amanar ƙungiya ne. Sai ya tara kayan laifin a faranti, ya shige da su bayan kantoci, inda ake lalatawa. Yakan daɗe a can. In ya fito, sai ka gan shi yana gumi, yana goge baki, numfashi sama-sama.

"Aiki ne mai haɗari," in ji shi. "Shi ya sa ban wakilta kowa ba."

Ka ji sadaukarwa. A zamanin nan da kowa ta kansa yake yi, ina za ka samu shugaban da zai ɗauki laifin jama'arsa gaba ɗaya ya zuba a cikinsa? Ita kuwa kular da matarsa ke cika masa da kabeji da karas da dafaffen ƙwai, yadda ta fita haka take dawowa. Hidimar jama'a ba ta barin mutum ya ci abinci.

"Baban yara," ta ce masa wata safiya, tana ɗinke maɓallin rigarsa da ya tashi, "kai da ba ka cin komai, me ke tsinka maɓallan nan?"

"Kitse in zai narke sai ya fara kumbura. Ba fanninki ba ne."

Kada a ɗauka 'yan ƙungiya ba su da hanci. Suna jin ƙamshin lalatawa har inda suke zaune, kuma sun yi guna-guni. Sai dai abin haushin, tsarin yana aiki. Akanta ya fara ganin takalminsa daga tsaye. Mai sito ya hau bene bai tsaya hutawa ba. Wata rana wandon Direba ya nemi sulɓewa a gaban baƙi, ya ɗauko ƙusa da guduma ya huda sabon rami a bel ɗinsa, abokansa suka tafa masa don raha.

Ciyaman ya ji tafi, kuma ba shi aka yi wa ba. Nan take ya mayar da abin doka. Daga ranar, ba mai huda bel sai a gaban taro, bayan jawabi, da gudumar da aka ɗaura wa jan ƙyalle. Ma'aunin nasara kuwa shi ne jela, wato abin da ya rage na bel yana reto bayan an ɗaure. Mai doguwar jela shi ne gwarzo. Sikeli ya ce a ajiye shi, kayan yaudara ne, har takalmi yake aunawa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Jelar kowa na tsawo, ta Ciyaman na guduwa. Ramin da ya saba ɗaurewa ya ƙi, na gaba ya ƙi, har wata safiya bakin bel ya leƙo ƙarfensa daga nesa ya ce iyakarsa ke nan. Da wani shugaban ne, da ya karaya. Ciyaman kuwa sai ya wuce kasuwa ya sayi wani bel mai launi ɗaya amma ya fi tsawo, ya cire ƙarfen tsohon ya ɗaura masa, ya shiga banɗaki ya huda masa ramuka a jere. Ya shigo ofis da jela tana lilo har aljihu.

"Ku dubi jela! Ni ba na faɗar abin da ba na yi. Shugaba madubi ne."

Da wancan ya matse, ya sayi wanda ya fi shi. Da shi ma ya matse, mai shago ya ce iyakar abin da kamfani ke yi ke nan, sai dai a haɗa biyu a ɗinke. Aka haɗa. Tela ya ƙara wa wandon kunnuwa a baya don jelar ta samu wurin kwanciya, domin yanzu ta zagaya ƙugu ta kusa komawa inda ta fito. Sababbin 'yan ƙungiya kan tsaya suna kallonta, su kalli tumbin da ke samanta, su rasa wanne za su gaskata.

Ranar da Manaja zai zo ya ga sakamako, Ciyaman ya shirya abin da ba a taɓa gani ba. Ya sa kafinta ya jera ƙusoshi a bangon ɗakin taro, ya rubuta a sama da manyan baƙaƙe: Bangon Nasara. Kowa zai rataye bel ɗinsa domin 'yan baya su gani su yi koyi. Ƙusar tsakiya, wadda ta fi kowacce tsayi, ba sai an faɗi ta wa ce ba. Ya yi tunanin ramuka, ya yi tunanin jela, ya yi tunanin inda mai hoto zai tsaya. Abu ɗaya ne bai zo masa ba: bel in yana ƙugu jela kawai ake gani, in an rataye shi dukansa ake gani.

Manaja ya zauna. Ciyaman ya yi jawabi a kan tarihin tumbi tun daga zamanin da har zuwa zuwansa. Sannan ya ba da umarni, kowa ya kwance bel ya rataye. Beloli suka jeru, kowanne ya sauko zuwa tsakiyar bango ya tsaya. Masu su suka koma gefe, kowa ya damƙe wandonsa da hannu biyu kada ya ba shi kunya.

Sai Ciyaman ya matso. Ya kwance ƙarfe, ya fara ja. Ya ja, ya ja, ya ƙara ja. Ya hau kujera ya rataye shi a ƙusar tsakiya. Bel ya sauko, ya wuce na Akanta, ya wuce na Direba, ya nuna wa jama'a ɗinkin da ke tsakiyarsa, ya taɓa ƙasa, ragowar ta naɗe a kan tayil kamar igiyar rijiya. 

Ciyaman bai ma waiwaya ba. Ya sauko, ya buɗe hannuwa biyu sama yana jiran tafi.

"Ranka ya daɗe, ga shaida! Mu ba ma magana, aiki ke magana!"

Manaja ya dubi mutanen da ke riƙe da wanduna. Ya dubi Ciyaman, hannuwa a sama, ba bel a ƙugu, wando kuwa ko motsi bai yi ba, ya kama jiki kamar da shi aka haife shi. Wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya, ya saki wando, ya yi wuf ya cafe.

Akanta ne ya yi ƙoƙarin rufa asiri, shi kuma ya ƙarasa tona shi.

"Yallaɓai, a yi wa Ciyaman adalci. Ba don shi ba da ba mu rage komai ba. Kuma mutum ne mai amana. Duk abin da muka rage yana nan a wurinsa, ko ƙwayar shinkafa ba ta ɓata ba."

Manaja ya tashi yana goge hawayen dariya. Ya miƙa wa Direba makullin ɗakin kusa da matakala. Direba ya ce shi ofishinsa mota ce, amma in an yarda, a bar musu ɗakin su riƙa cin abinci a ciki. Aka yarda.

Washegari da lokacin cin abinci ya yi, Ciyaman ya naɗe hannun riga, ya zaro babban cokali, ya jira. Ba kular da ta zo. Ya ɗauki cokalinsa ya nufi ɗakin kusa da matakala. Ƙofa a rufe, an murɗa makulli daga ciki, ana jin ƙarar cokula da dariya. Ya ƙwanƙwasa a hankali. Ya ƙara da ƙarfi. Ba wanda ya ce masa "Shigo."

Ya koma lungunsa, ya jawo aljihun tebur, ya ture allon nan mai ruwan zinariya gefe, ya fito da kular matarsa. Kabeji ne da karas. A ranar Ciyaman ya fara tsarin rage ƙiba, da cikakken goyon bayan jama'a.