Muryar da Ta Ƙi Daina Gaisuwa

Ranar taron manoma a Issawane na iso da ordinatair, wato kwamfuta, ina ji da kaina. Na saita mata murya mai laushi ta karanta sanarwar irin wake, ta fara da gaida dattawa. Don kada ta yanke, na sa ta riƙa maimaitawa.

Na jingina da gawo na lumshe ido, ina hango kaina a Maradi ana tafa mini.

Ashe gaisuwar kaɗai take maimaitawa, dattawa kuwa suna ta amsawa. A karo na tara mai gari ya taɓa ni.

"Malam, baƙuwarka akwai ladabi, amma me ke tafe da ita?"

Har yau in na gaishe su sau ɗaya, sai su ce saura takwas.