Ranar da Maɓallai Suka Motsa da Kansu

A Sabon Gari na sayo na'urar, ta hannu: wani faffaɗan allo mai maɓallai da ake turawa sama ko ƙasa, a haɗa shi da kwamfuta a daidaita sauti. Mai shagon ya fara yi mini bayani, na katse shi. Na ce, "Malam, ai ba yau na fara wannan aiki ba."

Washegari matan zumunta na wani coci a Palladan suka zo situdiyona a Samaru ɗaukar waƙa. Na naɗe hannun riga, na ce wa shugabarsu, Mama Laraba, yau za ta ga aiki irin na Legas.

Ina buɗe waƙarsu ta bara a kwamfuta, sai maɓallan nan suka zabura gaba ɗaya, wasu sama, wasu ƙasa, ba hannun kowa a kai. Ban san lokacin da na tsallake ganguna ba. Sai dai na tsinci kaina a bakin titi, ba takalmi, ina ta a'uzubillahi.

Su kam matan ba su gudu ba. Kewaye na'urar suka yi, suka dage da addu'a.

Da na kira mai shagon, sai da ya gama dariya sannan ya ce ƙananan injina ne a ciki, suna bin abin da kwamfuta ta adana. "Abin da na so in gaya maka ke nan, Oga."

Har yau in Mama Laraba ta gan ni a kasuwar Samaru, sai ta rage murya ta ce, "Injiniya, ya mutanen ɓoyen naka? Sun tashi lafiya?"