Makullin da na ba Anti Rifkatu

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da Litinin ɗin da na ji muryata a gaban mutane ina tauna gurasa ba.

Lokacin ina kula da kwamfutocin wani ƙaramin ɗakin gwajin jini a Gyaɗi-Gyaɗi. Babbar kwamfutar da ke riƙe da sakamakon marasa lafiya manhajar Linux ce a kanta, kuma ni kaɗai ke da cikakken iko da ita. Ba ni da buri irin a kira ni Injiniya, amma Anti Rifkatu, 'yar Filato mai shigar da sakamako, "ƙanena" take ce min. Har gwaten acca take zubo min a kula.

Firinta ce ta ja min. Kullum sai ta maƙale, kullum sai Anti ta kira ni. Akwai abin da ake kira sudo, wanda da shi mai kula da kwamfuta ke ara wa wani ikonsa. Kana iya cewa wance ta tayar da firinta kawai, ban da komai. Aikin minti biyar ne. Ni kuwa lalaci ya sa na rubuta layi guda na ba ta iko a kan komai. (Baƙo ya nemi makullin banɗaki, na miƙa masa na gidan gaba ɗaya.)

"Ƙanena, wannan ba zai jawo min magana ba?" in ji ta.

Na ce ta bar min komai.

Ran Asabar ina Tarauni wajen mai gurasa ta kira, firinta ta sake maƙalewa. Tashi ya yi min wuya, sai na tura mata saƙon murya na karanta mata abin da za ta rubuta don goge abin da ya maƙale. Maimakon ma'ajiyar firinta, ta sakamako na ambata. Ta rubuta harafi bayan harafi. Da iyakar firinta na ba ta, da kwamfutar ta ƙi. Sakamakon kwana uku ya tafi, sai da aka sake kiran mutane aka ɗebi jininsu.

Ran Litinin Dokta, mai wurin, ya tara mu ya ce in duba wanda ya yi. Shi sudo ba ya mantuwa, yana rubuta sunan duk wanda ya yi amfani da shi. Sunan Anti ya fito.

"Rifkatu, ke kika goge?"

"Ni na rubuta, Dokta."

"To ki tafi gida, sai mun neme ki."

Ta juyo ta kalle ni. Na san aikinta ne zai tafi, na san kuma laifin wane ne. Amma na yi gum, ina nazarin takalmina. Wallahi ta jira ni, ta daɗe tana jira. Sannan ta ciro waya ta danna saƙona.

"Anti, kwantar da hankalinki, ni ne fa. Malam, ƙara ƙuli. Yauwa, rubuta sudo..."

Har ƙarar taunata ta fito tas. Dokta ya ce, "Gurasar dai ta yi daɗi ko?" Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi.

Ba a kore ni ba. A ranar na gyara ikon, minti biyar ɗin nan da na yi wa ƙyuya. Na same ta na ba ta haƙuri.

"Kuskure kowa na yi," in ji ta. "Shirun ne ya dame ni."

Na koyi bai wa kowa iko daidai aikinsa, na kuma koyi cewa wanda ya ba da aron makulli shi ke da alhaki. Amma da na sani ƙeya ce. Kular gwate ba ta sake zuwa ba. Yanzu kullum da safe Anti Rifkatu na gaishe ni cikin ladabi, ta ce, "Ina kwana, Injiniya."

Sunan da na daɗe ina so ke nan, kuma duk ranar da ta faɗa sai na sunkuyar da kai.