Ranar da Na Hallaka Sojojin Roni

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar rabon kyaututtuka a makarantar da nake koyarwa a Roni ba. Shugaban makaranta ya gayyato wani malamin tarihi, ɗan kudu da ke aiki a Kazaure, ya yi jawabi kan abubuwan da suka faru a duniya a shekara ta tara miladiyya. Baƙon bai iya Hausa ba, iyayen yara kuma ba sa jin Turanci, sai aka nemi tafinta. Ni na miƙa kaina (gaskiyar magana, mahaifin Rabi, wadda nake nema da aure, yana zaune a sahun gaba).

Da fari komai lafiya. Baƙo ya ce a shekarar wani babban bafade ya ƙwace mulkin ƙasar Sin, na fassara har da ƙarin gishiri. Sai lasifika ta fara ƙugi. Ya ce dubban sojojin Rum sun shiga wani daji a ƙasar Jamus, aka yi musu kwanton ɓauna. Ni kuwa "Roni" kunnena ya jiyo. Na gyara murya na ce, "A wannan shekara, dubban sojojin Roni sun shiga daji, an karkashe su."

Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka tana salati. Ashe jikanta soja ne. Mahaifin Rabi ya miƙe.

"Malam, a wane daji?"

Maimakon in tambayi baƙo, sai na ce, "A Jamus, Baba."

"Me ya kai 'ya'yanmu Jamus?"

A nan na gane abin da na aikata. Baƙo ya matso ya raɗa mini, wai me ya sa ake kukan mutanen da suka mutu shekara dubu biyu da suka wuce? Sai da shugaban makaranta ya fizge makirufo ya yi ta bayani, aka kuma kira jikan tsohuwar a waya ta ji muryarsa, sannan hankali ya kwanta.

An dai ba ni Rabi, amma ranar walima surukina da kansa ya hana a miƙa mini makirufo.

Yanzu in ban ji magana da kyau ba, sai in ce a maimaita. Kunyar tambaya ba ta kai ta yi wa gari guda ta'aziyyar ƙarya ba.