Sakamakon Yara Ya Zube a Shafi

"...Lafiya ƙalau, Nafisat, bar gaisuwar nan, zo ki duba."

Rabe ne a shagonsa na Badarawa, gumi har wuya. Shafin intanet ya gina wa makarantar su ɗansa, shugabar kuma tana hanya. Maimakon sakamakon kowane yaro ya tafi wayar iyayensa, sai ya zube a shafin, kowa ya gani. Idan ta tarar da haka, aikin ya bar hannunsa. Ga girman kai, amma dole ta sa ya kira taubashiyarsa, mai sana'a irin tasa.

"Yau ɗan kawu ne ke neman baiwarsa?"

"Baiwa ai aiki ake sa ta. Zauna."

"To na tafi."

"Don Allah! Matar har ta wuce Unguwar Sarki, ta kusa isowa."

Ta ja kujera a hankali, kamar ba ita ake jira ba.

"Wa ya rubuta wannan fankshin, umarnin da ke haɗo sakamakon? Bakinsa bai riƙe magana, irin na gidanku."

"A intanet na samo. In na taɓa cikinsa komai rushewa yake."

"Ba ya miƙo maka komai, Rabe. Da ka kira shi sai ya amayar a shafi. Shi ya sa mazubin da ka ajiye masa yake fayau, kamar kanka."

"Zagin ya jira. Ya za a yi?"

"Ka taɓa tara bokiti a bakin famfo? Ina, mata kuke aikawa."

Wayarsa ta yi ƙara. Shugabar ce. Bai ɗauka ba.

"Sa umarnin ob_start kafin ka kira shi, zai tare duk abin da ya zubo. Bayansa ob_get_clean, ka juye a mazubin, ka tura."

Nan take ya rubuta. Shafin ya fito tas. Aka ji tsayawar mota a waje.

"Saƙon fa? Ya tafi?"

"Lambata na sa don gwaji." Ta duba wayarta, sai ta tuntsire da dariya. "Maliki Rabe. Lissafi, ya faɗi. Ashe asirin ɗanka na rufa, da yau duk Badarawa ta karanta! Gado dai ba ƙarya."

Rabe ya dafe kai, dariya ta ƙwace masa.

"Na sallama, uwar ɗakina. Tsiren yau a kaina yake. Uwarsa dai kar ta ji a bakinki."