Ranar da Na Kawo wa Likita Tumbin Saniya a Gora

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba zan manta da Alhamis ɗin da na buɗe wata gora a gaban baƙuwar makarantarmu ba. Lokacin ina aji biyar na sakandare a Funtua, 'yar bencin baya, wadda malamai suka san muryarta kafin su san sunanta.

Malama Rahila, mai koya mana bayoloji, ita ta sanar da baje kolin kimiyya. Wanda ya zo na ɗaya shi zai wakilci makaranta a gasar Malumfashi, kuma kujera ɗaya ce tak. Ni da ko fensir ban taɓa ci a gasa ba, sai na ɗaura aniya. Maudu'in da ya faɗo kaina shi ne firibayotik.

"Saurara da kyau, sarauniyar surutu," in ji Malama. "Hanjinmu cike yake da ƙananan halittu, akwai na kirki, akwai na banza. Firibayotik abincin na kirkin ne, ana samun irinsa a albasa da tafarnuwa. Amma ba kowane abu ake ba wa sunan ba. Sai ya wuce ciki bai narke ba har ya isa babban hanji. Sai ya zama halittun kirki ne ke cin moriyarsa, ba tarkace ba. Sannan sai an gwada an tabbatar lafiyar mutum ta ƙaru."

Sharaɗin farko na ji shi, na biyu na ji rabinsa, na uku kuwa ya same ni ina zaɓen atamfar da zan sa zuwa Malumfashi.

'Yan ajinmu suka duƙufa zane a kwali. Ni na raina kwali. So nake a ga halittun suna cin abinci ido da ido. Matsalar ita ce babu wanda zai ara mini hanjinsa a gidanmu (na tambaya, Umma ta jefe ni da takalmi). Sai na nufi kwata wurin maƙwabcinmu Baba Sale mahauci.

"Baba, abin cikin tumbin saniya nake so, ba naman ba."

Ya ajiye wuƙa ya dube ni. "Wanda muke zubarwa? 'Yata, ko wani boka ne ya aiko ki?"

"Kimiyya ce, Baba."

"To, Allah ya ba kimiyya lafiya. Kawo ledarki."

Na daka albasa shida da tafarnuwa a turmin Umma, na gauraya da tsarabar kwata da ruwan ɗumi, na ɗura a gorar roba, na murɗe murfi iya ƙarfina. Tunda cikin mutum da ɗumi, sai na ɗora ta kan kwanon ɗakin girki, rana ta yi ta dukanta kwana huɗu. Gora ta kumbura ta yi tauri kamar ganga. Na duba na ce wa kaina, shi ke nan, Malumfashi ta kira ni.

Ranar baje koli a zauren taron makaranta, alƙaliyarmu wata Hajiya ce likita, cikin farin leshi da mayafi mai ruwan madara, turarenta na gaba tana biye. Ta iso teburina, Malama Rahila da shugaban makaranta suna bayanta. Na zuba bayani kamar rediyo, har da ɗaga yatsa.

"Hajiya Likita, kin ga yadda ta kumbura? Shaida ke nan albasa firibayotik ce. Bari in buɗe ki ji iskar."

Na hango Malama tana girgiza kai. Na ɗauka mamakin basirata take yi.

Na murɗa murfin. Ƙarar da ta tashi, na tabbata har masu kasuwar Danja sun waiwaya. Murfi ya yi sama, koren ruwa ya bi shi, ya sauko kan farin leshi, da gilashin shugaban makaranta, da bakina da ke buɗe ina shirin karɓar tafi. Warin kuwa, ƙudajen Funtua har da na ƙauye suka zo gaisuwa. Zauren ya watse cikin minti ɗaya, takalma ne kawai suka rage.

Likita ba ta gudu ba. Ta toshe hanci da gefen mayafin da ya tsira, ta tambaye ni a nutse:

"'Yan mata, halittun da suka yi wannan aika-aika, na kirki ne ko na banza?"

"Ban sani ba, Hajiya."

"Hanjin mutum ne?"

"Na saniya ne."

"Lafiyar wa ta ƙaru a nan?"

Na dubi shugaban makaranta yana can yana kakarin amai a gindin darbejiya. "Ta babu kowa."

"To, cikin sharuɗɗa uku, nawa kika tabbatar?"

"Ko ɗaya," na ce, murya kamar ta sauro.

"Wannan amsar daidai ce," in ji ta. "Iska kowane ruɓaɓɓen abu yana yin ta. Rahila, ina za a samu ruwa?"

Wadda ta zana hanji a kwali da alkalami mai launi ita ta tafi Malumfashi. Ni kuma aka ba ni bokiti da tsintsiya, na wakilci makaranta a wankin zaure har la'asar, Malama Rahila na tsaye daga nesa tana sa ni maimaita sharuɗɗan uku da ƙarfi.

Yanzu ko daga barci aka tashe ni zan jero su. Na kuma koyi cewa kumbura ba shaidar alheri ba ce, a gora ne ko a kan mutum. Idan kuma ka ga malaminka yana girgiza kai, kada ka yi saurin cewa burge shi ka yi.