Kunnen da Ya Sha Turare

Da kunnena na hagu ya fara ruwa yana wari, likita a Alexandria ta ce in dawo washegari a lakaci ruwan da auduga, a kai ɗakin gwaji a gano ƙwayar cutar. Ta ce kada in saka komai a ciki.

Sai na ji ashe nas ɗin da za ta ɗauki ruwan Sista Ladi ce, 'yar Jos, wadda muke haɗuwa a duk wani taron suna a garin Landover. Ni da ake kira Injiniya, in miƙa mata kunne yana ɗoyi? Da safe na wanke shi tas da sabulu da sifirit, na bi da ɗigon miski.

Ladi ta sunkuyo, ta shaƙa, ta ce, "Injiniya, gwaji ka zo ko ɗaurin aure?"

Sakamako ya fito babu komai, domin na kashe shaidun da hannuna. Aka ce sai an sake, kunne kuwa ya kumbura har ba na iya kwanciya a kansa.

Ladi ba ta faɗa wa kowa ba. Ni na kai kaina wurin matata neman tausayi. Yanzu duk Juma'a in na ɗauki kwalbar turare, sai ta ce a hankali, "Baban Amira, kar ka manta da kunnen."